Surukin Munzali Yana Ɗakin Saba

Ƙanena Munzali shekarunsa talatin da shida, 'ya'yansa uku, takardun karatun kwamfuta kuwa cike da jaka, amma har yau in ya hango surukinsa a bakin layi sai ya kashe babur ya sauka ya tura da hannu. Ni 'Yar'azumi ni na goye shi a gidanmu na Haɗeja, don haka babu mai ba ni labarinsa. Tun yana ƙarami haka yake. Shi ne za a taka wa ƙafa ya ce a yi haƙuri. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, cewa take ta haifi salihi. Ni kuwa na ce ta haifi wanda zai sa mini hawan jini, ga shi nan kuwa ina shan magani safe da yamma.

Hannu dai Allah ya ba shi. Rediyon unguwarmu duk ta hannunsa suka bi, haka injinan ban ruwa na 'yan fadama. Ya tafi karatu ya dawo, ya samu aiki a wata ƙungiyar manoma da masunta, inda nake sakatariya. Shugaban ƙungiyar shi ne Alhaji Tukur, dillalin shinkafa, dogo, mai sanda da babbar murya. Ya ga yaro ba ya ɗaga ido, ba ya musu, sai ya ɗauki 'yarsa Jannat ya ba shi. Ranar kowa ya ce Munzali ya dace. Ni ma na rangaɗa guɗa, Allah ya yafe mini.

Ƙungiyar tana da shafin intanet, kuma ba na ado ba ne. Sau biyu a rana mai duba ma'aunin kogi yakan bugo mini waya, da hantsi da kuma bayan azahar, ya faɗa mini inda ruwa ya kai. Ni kuma in shigar. In lafiya ce shafin ya nuna kore. In ruwa ya taso ya nuna ja, wato kowa ya kwashe abin da yake da shi a fadama. Mutanen ƙauyukan bayan Baturiya da wannan suke aiki. Wasu ma sai sun hau tudu suke samun sabis, sau ɗaya a rana, su duba wa gari duka.

Shafin yana zaune ne a kan manyan kwamfutoci biyu da ake kira saba. Munzali ya raɗa musu Hassan da Usaini. Hassan ne ke aiki, Usaini yana gefe yana kwafe duk abin da aka shigar. Tsakaninsu akwai wani ƙaramin akwati mai fitilu da 'yar fanka, ta cikinsa suke gaisawa kowace daƙiƙa, kana nan, ina nan. In Usaini ya ji shiru, sai ya ɗauka ɗan'uwansa ya faɗi, ya karɓi aikin nan take. Ranar da aka ƙaddamar, Munzali ya zare wa Hassan wuta a gaban manyan baƙi, shafin bai ko girgiza ba. Alhaji ya tashi ya shaida wa duniya cewa shafinmu ba zai taɓa mutuwa ba. Aka tafa, aka sha lemo.

Wata biyu aka yi, damina ta kankama, sai shafin da ba ya mutuwa ya fara abin da ya fi mutuwa muni. Ya fara ƙarya. In shigar da lambar rana, in gan ta da idona, sai wani ya bugo daga Malam Madori ya ce shi ta safe yake gani. Wani ya ce shafin juyawa kawai yake yi. Kafin a idar da la'asar komai ya koma daidai, ka rantse ba a yi ba.

Kai, na ga wahala a idon yaron nan. Ya kashe manhajar shafin ya kunna. Ya goge ta ya sake ɗorawa. Ya canja wayoyi. Ya zargi kamfanin sabis, ya zargi batiran sola, ya zargi ɓera har ya ɗana tarko, tarkon ya kama ƙadangare. Ya zauna gaban baƙin allo yana karanta rubutun da na'urorin ke yi wa kansu, layi bayan layi, har idonsa ya yi ja. Duk wannan da safe yake yi, ko da yamma. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da abin ke faruwa, Injiniyan namu ba ya ɗakin saba. Yana waje ƙarƙashin bishiyar maina, ya ɗora kwamfutarsa a cinya, ƙuda na bin sa.

Dalili kuwa, ɗakin saba shi kaɗai ke da na'urar sanyi a ofishin. Alhaji ya gano haka. Kullum in ya idar da azahar sai ya shigo da darduma da matashi, ya miƙe ya ɗan runtsa. Shi kuwa Munzali da ya ji ƙarar sanda a baranda sai ya zame ta ɗaya ƙofar, takalmi a hannu. Ina suruki ina zama ɗaki ɗaya da uban matarsa, balle yana kwance? A wajenmu ba a yi. Shekara bakwai da aure, kalmomin da suka haɗa su ba su wuce ina kwana da lafiya lau ba, su ma daga tsugune, ido a ƙasa.

Wata Litinin ya kira ni ƙarƙashin mainar. Fuskarsa kamar wanda aka aiko wa saƙon rasuwa.

"Yaya, dubi nan," in ji shi. Ya nuna mini jerin lokuta. "Kullum gaisuwarsu tana yankewa wajen biyu da kwata. Tana dawowa huɗu saura kwata. In ta yanke, kowannensu sai ya ɗauka ɗan'uwansa ya mutu. Su biyun su kama adireshi ɗaya, kowa ya ce shi ne mai gida. Ke kina ba Hassan sabuwar lamba, Usaini bai ji ba, yana ta raba wa mutane ta safe."

"To me ke yanke ta?"

Ya sa yatsa a kan jerin. Ya ce, "Ban da Juma'a."

"Na ji."

"Ban da kwana ukun da Baba ya je ta'aziyya Birniwa."

Baba yake kiran Alhaji. Na dube shi, ya dubi ƙasa. Na ajiye biro na ɗebi ruwa a kofi, na yi sallama a ƙofar ɗakin saba a hankali na leƙa. Alhaji na kwance, hula a fuska, minshari na tashi. Hassan da Usaini suna ta ƙugi. Ƙaramin akwatin kuwa baƙi ƙirin, ko fitila ɗaya babu, an zare wayarsa an naɗe ta da kyau an ajiye a gefe.

Da ya farka na yi kamar ina shara, na ce, "Alhaji, wannan ɗan abin ya dame ka ne?"

Ya ce, "Wannan? Kuka yake mini a kunne kamar sauro. Manyan dai ba na taɓa su, na san su ne aikin. Shi kuwa ban ga abin da yake yi ba sai ƙifta ido. Kuma ina mayar da shi in na tashi, ni ba na cin amana."

Wallahi kuwa yana mayarwa. Mutum ne mai tsari.

Na fito da saurina na ce wa Munzali an gama, yanzu zan koma in faɗa masa. Yaron nan ya sha gabana, har da riƙe mini gefen mayafi.

"Yaya, don girman Allah. Don darajar Inna da ke kabari. In kika faɗa, ya san ni na gano. Ya zama na kama shi da laifi ke nan. Da wane ido zan shiga gidansa?"

"Da wane ido kake shiga yanzu? Ai ban taɓa ganin ka shiga da ido ba."

"Zan gyara ba tare da ya sani ba. Akwai wasu 'yan katuna da zan sa musu, su riƙa gaisawa kai tsaye, ba sai ta akwatin ba. Na aika Kano. Kwana kaɗan ne."

Na yarda. Wannan laifin nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Ya ambaci Inna, bakina ya mutu.

Kafin katunan su iso, sai ga hikimomi. Ya ɗauke akwatin ya ɗora can saman kanta. Alhaji dogo ne, ga sanda, ya bi waya ya zare. Munzali ya naɗe akwatin da tsohon zane don a daina jin kukansa, akwatin ya yi zafi ya kashe kansa, ya hutar da Alhaji. Ya rubuta takarda, "Don Allah kada a cire," ya manna, ya ja baya ya dube ta, sai ya ga ai umarni ne yake ba surukinsa. Ya ɓare ta da hannunsa ya cusa a aljihu.

Daga nan ya bi ta hanyar da ake bi. Ya faɗa wa Jannat. Jannat ta dafe ƙirji ta ce ita ba za ta iya ce wa babanta ya ɓata na'ura ba, amma za ta faɗa wa mahaifiyarta. Mahaifiyar ta tausasa maganar yadda za ta shigu. Kafin saƙo ya isa kunnen Alhaji ya zama wai mijin Jannat yana damuwa kada sanyin ɗakin ya taɓa masa ƙirji. Washegari Alhaji ya shigo da bargo. Ya tsaya a teburina ya ce, "Ƙanen nan naki ɗan albarka ne."

Na ce, "Sosai ma, Alhaji."

Kwana tara muna haka. Ranar Laraba, ƙarshen Satumba, mai duba ma'auni ya bugo da hantsi, lafiya lau, kore. Biyu da rabi ya sake bugowa. Ya ce ruwa ya taso da ƙarfi daga sama, a faɗa wa mutane. Na shigar, allona ya yi ja. Na fita da gudu wajen maina.

"Munzali, ja ne! Tashi ka shiga ka mayar da wayar nan."

Ya miƙe. In ba shi haƙƙinsa, ya miƙe. Ya je har bakin ƙofa, ya cire takalmi, ya ɗaga hannu zai tura. Minshari ya fito ta ƙasan ƙofar. Hannun ya tsaya a sama. Ya juyo ya ce mini a hankali, "Yaya, saura awa ɗaya ya tashi."

Na ture shi zan shiga, ashe Alhaji ya kulle ƙofofin biyu ta ciki, don ranar akwai baƙi a ofis kada a dame shi. Na ɗaga hannu zan buga, Munzali ya tsuguna a gabana yana roƙo da ido. Na koma tebur na kama kiran duk lambar da nake da ita. Wasu sun shiga. Na ƙauyukan da ba sabis sai a kan tudu, ko ɗaya.

A ɗaya daga cikin ƙauyukan akwai Baba Fannami, dattijo, kakanninsa daga bakin Tafkin Chadi suka zo. Ya yanke shinkafarsa kwana biyu kafin nan, ya tara ta a gona tana shan iska. Bayan azahar, wajen ƙarfe uku, ya hau tudu da wayarsa kamar kullum. Usaini ne ya amsa masa. Kore. Ya sauko ya ce wa mutane a bari sai gobe a kwashe. Kafin gobe ta yi, gonar ta zama tafki. Shi da gida huɗu, noman shekara guda, sai kan kara ake gani yana yawo.

Aka kira taro ranar Asabar a farfajiyar ofis. Alhaji a kan kujera, ni a gefe da littafi, Munzali can ƙarshen tabarma, ya kusa shigewa bango. Baba Fannami ya tashi. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Da can kara nake kafawa a bakin ruwa, in duba safe da yamma. Kuka ce in bar kara, ga waya. Na bari. Ni ba faɗa na zo yi ba. So nake in ji abin da ya faru, don in san abin da zan faɗa wa iyalina."

Alhaji ya buga sanda a ƙasa. Shi ma ba ya yi wa suruki magana kai tsaye a bainar jama'a, sai ya dube ni. "Sakatariya, a tambayi mai na'ura. Me ya sa shafinmu ya yi wa bayin Allah ƙarya? A faɗa a nan, kowa ya ji. Ko wane ne, ba sani ba sabo."

Na juya na ce, "Munzali, ka ji. An ce ko wane ne."

Na ƙura masa ido. Duk abin da nake da shi na sa a idon nan. Ga takardar lokutan a aljihunsa, ina ganin gefenta. Ya gyara tsuguno, ya dubi tabarma, ya ce, "A gaya wa Baba Alhaji sakacina ne. Ban tsara na'urorin yadda ya kamata ba. A yafe mini."

Alhaji ya girgiza kai cikin takaici na gaske. Ya ce shi ba ya son kai, ko ɗan cikinsa ne sai ya hukunta, balle mijin 'yarsa. Ya ce a karɓi makulli a ƙarshen mako mai zuwa. Jama'a suka yi ta yaba adalcinsa. Ni ce na rubuta a littafi, da hannuna, cewa an sallami ƙanena saboda sakaci. Biron har ya huda takarda.

Katunan suka iso ranar Litinin, sannu da zuwa. Munzali, korarren ma'aikaci, ya zo da sassafe ya sa su. Ya ja waya kai tsaye daga Hassan zuwa Usaini ta bayan kanta, inda sanda ba ta kaiwa. Ya ɗauko wata tsohuwar kwamfuta ya ajiye ƙarƙashin teburina, ya ce sunanta Gambo, tunda bayan tagwaye ta zo. Aikinta shaida. In tagwayen suka daina jin juna, wanda Gambo ta tsaya wa shi ne mai aiki, ɗayan ya ja bakinsa ya yi shiru. Ya gwada sau biyar, yana zarewa yana mayarwa. Sannan ya bar ƙaramin akwatin a inda yake, a kunne, ba ya haɗe da komai.

Na ce, "Wannan fa? Ka ɗauke shi mana."

Ya ce, "In Baba ya ga babu shi zai yi tambaya."

Ya miƙa mini makulli ya tura babur ya tafi.

Tun daga ranar shafin bai sake ƙarya ba. Alhaji kuwa ya samu abin faɗa. Duk baƙon da ya zo sai ya ce, "Kun gani? Tunda muka yi gyara a ma'aikata, ko tari bai sake yi ba. Shugabanci sai da rufe ido." Sau ɗaya na ji, na haɗiye. Sau biyu, na haɗiye. Ran na uku a gaban Baba Fannami ya faɗa, dattijon ya zo karɓar irin noman rani da aka tara masa. Bayan azahar na bi Alhaji ɗakin saba. Na same shi ya sunkuya, hannunsa a kan wayar akwatin.

"Zare, Alhaji," na ce. "Yanzu ba komai. Ya riga ya cinye shinkafar gida biyar, ya ƙoshi."

Ya ɗago. "Me kike cewa, 'Yar'azumi?"

Na faɗa masa. Ni ba 'yarsa nake aure ba. Na faɗa masa biyu da kwata, na faɗa masa huɗu saura kwata, da Juma'a, da Birniwa, da bargo. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci, kuma ina jin kunyar kaina da ban faɗa tun ranar Litinin ɗin farko ba.

Ya zauna a kan darduma. Ya daɗe yana kallon akwatin. Na ga dattijo ya tsufa a gabana, har na fara jin tausayinsa.

"Tun yaushe ya sani?"

"Kwana tara kafin ruwa."

"Kuma ya tsuguna gaban jama'a ya ce shi ne."

"Da bakinsa."

Ya sauke numfashi. Ya share ido da gefen rawani. Na ce a raina to alhamdulillahi, yanzu za a kira taro, a wanke yaro, a je a ba Baba Fannami haƙuri.

Ya ce, "Kai. Irin wannan kunya ta ƙare a duniya. Lallai na san inda na kai 'yata." Ya dube ni. "Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. In ta fita, an ɓata masa abin da ya yi."

Ya gyara matashi. Sai dai ranar bai zare wayar ba, in ba shi haƙƙinsa.

Yanzu Munzali yana da ɗan teburi a bakin kasuwar kifi, ƙarƙashin laima, yana gyaran waya. Warin banda ya kama rigunansa duka. 'Yan kasuwa suna kiransa Injiniya Kore, yana amsawa. Baba Fannami ya koma kafa kara, ya ce duk mai son jin labarin ruwa ya zo ya duba da idonsa.

Ranar da muka yi maganar da Alhaji, daga ofis ban tsaya ko'ina ba sai teburin. Na same shi ya buɗe cikin wata waya da ta faɗa kogi, yana goge ta da burushin haƙori. Na zayyana masa duk yadda muka yi, kalma bayan kalma, don ina so ya ji zafi. Ina so ko sau ɗaya a rayuwarsa ya buga tebur. Na ce aikinka ya tafi, sunanka ya tafi, mutumin ya san gaskiya, kuma ya ce a rufe.

Ya ajiye burushin. Ya ɗago kai, abin da ba ya yi. Fuskar nan ta washe kamar ranar da aka ɗaura masa aure.

"Ya ce ya san inda ya kai 'yarsa?" in ji shi. "Haka ya ce, Yaya? Da bakinsa?"